Kazar da Ke Cikin Faifan Baba

A gidanmu akwai wata kaza da ba ta cin tsaba, ba ta yin ƙwai, kuma ta ƙi mutuwa. A cikin faifan garmaho take zaune, gefe na biyu, waƙa ta uku, kuma tun kafin a haife ni take hana Babana sakat.

Ga asalin abin. A ƙuruciyarsa Baba mai busa begila ne a ƙungiyar makaɗan da ke wasa a otal ɗin bakin tashar jirgin ƙasa. Su shida ne. Sau ɗaya tak a duniya aka shigar da su ɗakin ɗaukar murya aka buga musu faifai, kuma a iya saninmu kwafi ɗaya ya rage, wanda ke falonmu cikin kwalin da ya sha salatif har ba a ganin fuskokin da ke jikinsa. A waƙa ta uku akwai wurin da sauran makaɗa suke sassautawa su bar wa Baba fili. Sai ya fara hawa, yana hawa, yana hawa, tsigar jikin mutum na tashi, daidai lokacin da zai kai ƙololuwa sai a ji ƙiiik! Daga nan busa ta ci gaba kamar ba abin da ya faru.

Kawu Dogo ne ya raɗa wa wurin suna. Shi ne mai gangar ƙungiyar, aminin Baba tun suna yawo ba takalmi, kuma cikin shidan nan su biyu kaɗai suka rage. Ba mu haɗa jini da shi ba, amma mun tashi muna ce masa Kawu. Kowace Asabar bayan abincin rana zai shigo, ya sunkuya a ƙofar falo don kada ya bugi kai, ya zauna a kujerar da ke fuskantar ta Baba. A sa faifai. In an iso wurin sai ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya ce cikin jimami, "Allah sarki, Sarkin Busa ya taka kaza."

Baba kuma ya ce, "Inji ne."

"Leɓe ne."

"Na ce maka inji ne. A ɗakin nan lafiya lau na busa ta, kai ma kana wurin."

"Ina wurin, shi ya sa na ce leɓe ne."

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ana wannan. Ni Auta, da na girma a cikinsa har na buɗe shagon ɗinki a gaban gidan, in na ji sun fara sai in ƙara wa kekena gudu don kada in ji sauran, domin na haddace shi fiye da karatun makaranta.

Kada wani ya ɗauka da baki kawai Baba yake musun nan. Injinsa na farko da bel yake juya faifai, ya ce bel ɗin ne yake santsi. Ya nemo wanda ba shi da bel sam, irin wanda motarsa ke ƙarƙashin farantin tana juya shi kai tsaye, mai nauyi kamar kan keken ɗinkina. A gefen farantin akwai ɗigo-ɗigo da wata 'yar jar fitila ke haskawa. In gudun ya yi daidai sai ka ga ɗigon sun tsaya cak ko da yake farantin na juyawa. Ɗigo suka tsaya cak, kaza ta yi kukanta. Ya canza allura. Ya canza lasifika. Ya zargi tebur, aka sa masa roba a ƙafafu. Ya zargi fanka, muka yi shekara biyu muna jin kiɗa cikin gumi. Har Mama ya taɓa zarga da cewa takunta yana girgiza allura. Sau ɗaya ta dube shi, bai ƙara ba.

Ana nan sai Kawu Dogo ya zo wata Asabar ya ce babban ɗansa ya matsa sai ya koma wurinsa da zama, a wani gari mai nisan kwana biyu a mota, kuma ƙarshen wata za a zo a ɗauke shi. Baba ya ce, "To, Allah ya sa alheri," kamar an ce masa gobe Lahadi. Suka sa faifansu, suka yi musunsu, Kawu ya tafi.

Sai da muka zauna cin abinci Baba ya ajiye cokali. "Ba zai tafi da kazar nan a bakinsa ba," in ji shi. "Zai je garin da ba wanda ya san ni, ya tara jikoki da maƙwabta ya ba su labarina, ba na nan balle in ce inji ne. Kafin ya hau motar nan sai ya faɗa da bakinsa cewa ni ke da gaskiya."

Mama ta ce, "Malam, ci abincinka."

Bai ci ba. Ni na san tafiyar ce take cin sa, amma Baba ya gwammace a zare masa farce da ya ce zai yi kewar mutum.

Wanda ya ƙara zuba wa wutar fetur shi ne Injiniya, mai gyaran rediyo da ke shagon kusa da nawa. Ba wanda ya taɓa ganin takardar da ta ba shi wannan suna. Mutum ne mai tumbi da yatsu kamar ayaba, kuma tun da na san shi ban taɓa jin ya ce bai sani ba. Baba ya kai masa kuka, ya zo falo ya zagaya injin sau biyu, hannu a baya, yana gyaɗa kai.

"Baba, motarka ba ta da laifi, irin wannan sai ta ga jikan jikanka. Matsalar hannu ce." Ya nuna sandar ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke ɗauke da allura a bakinta. "Ka ga wannan? Kamfani ya ƙare basirarsa a kan mota, da aka zo kan hannu sai aka yi na jeka-na-yi-ka. Ga gaɓa nan, ga gaɓa nan, ga wata nan. In sauti ya hau sama sosai allura tana rawa da sauri a cikin layin faifai, gaɓoɓin nan su ma su kama tasu rawar, sai ka ji ƙara. Akwai waɗanda hannu kawai suke ƙerawa, miƙaƙƙe, bututu guda ba gaɓa. In aka cire wannan aka sa shi, abin da ke cikin faifai shi za ka ji, ba ƙari ba ragi."

Baba ya juyo ya dube mu ni da Mama. "Kun ji ko? Gaɓa! Shekara arba'in ina neman munafukin, ashe yana gabana."

Na ce, "Injiniya, in kuma abin da ke cikin faifan kaza ce fa?"

Baba ya ce in fita masa daga falo.

Yayana da ke aiki a birni ne ya yi odar hannun ta waya. Ya iso ran Laraba ta makon ƙarshe, cikin kwalin da zai ɗauki tukunya, shi kuwa da kaɗan ya fi almakashina tsawo. Baƙi ne, siriri, da wani dunƙulen ƙarfe a gindinsa. Saura kwana uku Asabar.

Ran Alhamis da safe Injiniya ya zo da 'yar kwalbar nan ta magina mai ƙwayar iska a ciki, ya bi teburan gidanmu ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda bai karkace ba. Duk suka faɗi jarrabawa sai teburin da nake yanka a shago. Haka aka kwashe mini yadin mutane aka jibge a kujera, ga riguna biyu da na yi alkawarin bayarwa ran nan. Aka ɗauko filon Mama guda biyu ba da saninta ba, aka kifa injin a kai, ƙafafu sama.

Sukurori ashirin da ɗaya ne a ƙasan injin. Na sani domin a kwanon maɓallaina aka zuba su. Da aka zaro tsohon hannun, Baba ya karɓe shi da yatsu biyu, ya dube shi yadda ake duban ɓarawon da aka kama a kasuwa, ya ce, "Kai ne ashe." Sannan ya naɗe shi ya sa a aljihu, domin dai an daɗe tare.

Sabon hannun ba ya zama a ramin tsohon. Da wani zagayayyen ƙarfe ya zo wanda ake ɗaura shi a kai, kuma dole tazarar da ke tsakanin gindinsa da tsinken tsakiyar faranti ta zama daidai da abin da takarda ta ce, ba a yarda da kuskuren ko faɗin ƙwayar shinkafa ba. Na miƙa tef ɗina na awo. Injiniya ya ce tef ɗin tela yana miƙewa, ba a aikin ilimi da shi. Ni da nake auna kafaɗar mutum da ido in yanka ta zauna ɗas! Na haɗiye, na koma gefe ina jiran ranata.

Ba ta daɗe ba ta zo. A bakin hannun akwai wayoyi huɗu, ja, kore, fari da shuɗi, kowace ba ta fi zare kauri ba, kuma sai an cusa kowace a ƙafarta a bayan ɗan akwatin da allura ke jiki. Injiniya ya kama ja da yatsun nan nasa, ta zille. Ya sake, ta zille. Gumi ya fara ɗiga daga hancinsa kan injin. Baba ya ce a ba shi, ya sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya, ya yi minti biyar yana ƙoƙarin cusa wayar a wurin da babu komai.

"Anti Tela," in ji Injiniya ƙasa-ƙasa, "ko za ki ɗan gwada?"

"Da wane hannun? Na tela? Ba a aikin ilimi da shi."

Sai da ya ba ni haƙuri sau biyu a gaban Baba na ɗauki hantsakin da nake tsince zare da shi, na cusa huɗun kafin ya gama share goshi. Daga nan aikin ya dawo hannuna, su suka koma masu ba da umarni. Akwai takarda mai layi-layi da ake ɗorawa a kan faranti a saita allura a kan ɗigo biyu, in ta dace da na farko sai ta kauce wa na biyu. Awa biyu muka yi a kan wannan kaɗai. Akwai dunƙulen ƙarfen baya da ake murzawa har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai sauka ba bai tashi ba, Baba kuwa ya hana kowa numfashi mai ƙarfi. Aka aro ma'aunin maƙerin zinariya na ƙarshen layi don a auna nauyin da allura za ta danna faifai da shi, maƙerin ya biyo ma'auninsa ya tsaya a kansa, bai yarda da mu ba. Ɗaya daga masu riguna ta zo karɓar kayanta, ta tarar da mutum huɗu sun sunkuya a kan tebur ba mai motsi, ta dafe ƙirji ta tambaya wa ya rasu.

Da aka gama aka mayar da sukurori, aka kai falo aka kunna, sai wani gunji ya cika ɗakin, buuu, kamar an saki ƙudan zuma. Injiniya ya sosa ƙeya. Ashe akwai wata siririyar waya ta biyar da ake ɗaurawa a jikin ƙarfe don ta kashe irin wannan gunjin, ya bar ta a ciki tana lilo. Aka sake kifa inji, aka sake kwance ashirin da ɗaya. Da aka ɗaure a karo na biyu guda ɗaya ya rage a kwano, Injiniya ya ce dama kamfani yakan sa na ƙari.

Amma gaskiya ɗaya ce, hannun nan ya yi. Baba ya ƙi sa faifansu, ya ce ba zai saurara a bayan idon Dogo ba, kada a ce ya yi maguɗi. Wani tsohon faifai na wata mawaƙiya ya sa, wanda na ji ya fi sau ɗari. Ran nan na san ashe akwai masu tafi a bayanta, kuma tana jan numfashi kafin kowane baiti. Mama ta leƙo daga kicin tana gyara ɗankwali, ta ɗauka baƙuwa aka yi. Baba ya yi murmushi har kunne, ni kuwa sai na tuna da kazar.

Na bi Mama kicin. "Mama, tsakaninki da Allah, inji ne ko leɓe?"

Ta ci gaba da yanka albasarta. "Ran da suka ɗauki waƙar nan watanmu uku da aure. Ya dawo bai ci abinci ba, ya zauna bakin gado yana ta murza leɓensa kamar zai cire shi. Da faifan ya fito aka sa, sai ya ce inji ne. Ya faɗa, ya faɗa, har shi ma ya yarda."

"Duk shekarun nan kina sane ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kuma in na faɗa, me za su riƙa yi ran Asabar?"

Na yi tunanin in lallaɓa in manna wa allurar ɗan gashin auduga, ko in sassauta wani abu, don a samu wanda za a ɗora wa laifi. Ni da na yi shekaru ina fatan a kama Baba dumu-dumu, yanzu da na ga ramin da zai faɗa, kuma da hantsakina aka haƙa shi, sai tausayinsa ya rufe ni. Amma ya riga ya kulle falo ya sa makulli a aljihu. Ran Juma'a kuwa wuni ya yi yana shawara da Mama a kan yadda zai karɓi tuban Dogo: ya yafe nan take, ko ya ɗan ja masa rai? A ƙarshe ya tsayar cewa zai yi shiru na minti ɗaya, sannan ya yafe, domin shi ba mai riƙo ba ne.

Ran Asabar ya sa riga mai guga, ya gayyato Injiniya a matsayin shaida, ya sa ni da Mama muka zauna. Kawu Dogo ya shigo ya ga taro, ya ga sabon hannu. Baba ya tsaya a gabansa ya yi masa bayanin gaɓa, Kawu yana kallon bakinsa yana gyaɗa kai.

"Yau ba da ka za ka faɗa ba, Dogo," in ji Baba. "Ka haddace wurin. Yau rufe ido za ka yi, haka Injiniya ya ce masu kunne suke yi. Abin da ka ji shi za ka faɗa, tsakaninka da Allah."

"Na yarda," in ji Kawu. Mutum ne mai tsokana, amma ba ya rantsuwa a kan ƙarya. Ya rufe ido, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Baba ya goge faifan, ya sauke allura a waƙa ta uku. Jama'a, ban taɓa jin Babana ba sai ran nan. Ka ce ƙofa aka buɗe, ga samari shida tsaye a falonmu. Ana jin kujerar mai ganga tana ƙara, ana jin yatsun mai jita a kan waya. Sai suka sassauta, Baba ɗan shekara ashirin da tara ya ja numfashi, muka ji ya ja, ya fara hawa. Idona ya ciko. Ya hau, ya hau.

Ƙiiik!

Da can kaza ce a bayan katanga. Yau a tsakiyar falo aka taka ta, da takalmi. Kuma ba ita kaɗai sabon hannun ya tono ba. Bayanta kaɗan, can ƙasa-ƙasa amma sarai, muryar wani saurayi ta ce, "Kash!"

Inji dai ba ya cewa kash. Injiniya ya shiga duba farcensa. Mama ta kafa wa silin ido. Baba ya daskare a tsaye, hannunsa a kan murfin injin. Duk muka juya ga Kawu Dogo muna jiran yatsa.

Yatsa bai tashi ba. Yana zaune ido rufe, kai na kaɗawa a hankali, har Baba ya ɗaga allura ya taɓa masa kafaɗa. Ya buɗe ido ya ce, "Har an wuce? Sake sawa."

Baba ya sake sawa kamar wanda ake tuƙawa. Kaza ta sake kuka, saurayi ya sake cewa kash. Kawu ya karkata kai, ya matse fuska yana kasa kunne har ƙarshe. Da ya buɗe ido, sun yi ja.

"Babu ita," ya ce. "Wallahi babu ita. Sarkin Busa, ashe inji ne." Ya miƙe da tsawon nan nasa ya kama hannun Baba da hannu biyu. "Shekara arba'in da ɗaya ina zaluntarka a gaban iyalinka. Ka yafe mini kafin in tafi."

Abin nema ya samu. Ga shaidu uku, ga maganar ta fito daga bakin da ake so ta fito. Injiniya, da bai san inda ake barin magana ba, ya fara cewa, "Ai na faɗa, gaɓa ce," Mama ta taka masa ƙafa.

Kawu ya koma kujera ya sunkuyar da kai yana share ido da gefen riga. Baba ya daɗe yana kallon tsakar kansa. Sannan da muryarsa ta kullum, ba ihu ba raɗa, ya ce, "Dogo, gangarka ce ta ɓata faifan nan. Mai buga bokiti ma ya fi ka riƙe kiɗa."

A da rabin wannan maganar ya isa a kira maƙwabta rabon faɗa. Kawu ya ci gaba da share idonsa. Bai ji ba.

Sai a lokacin na gane. Kazar nan ya daɗe da daina jin ta. A fuskar Baba yake karanta ta, domin duk in an iso wurin sai Baba ya runtse ido ɗaya, yau kuma an sa shi ya rufe nasa. Mama ta matso kunnena ta ce ɗansa ya gaya mata, watan jiya saura ƙiris mota ta kwashe shi a titi, direba na ta hon bai waiwaya ba. Dalilin tafiyar ke nan. Na ji kamar in gudu shago in yi kukana.

Baba ya je ya tsuguna a gaban Kawu, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ɗago masa haɓa don ya ga bakinsa.

"Tana nan, Dogo!" ya ce da ƙarfi. "Kazar tana nan! Leɓe ne!"

Kawu ya girgiza kai. "Kada ka ji tausayina. Inji ne."

"Na ce maka leɓe ne! Ni na busa ta, har kash na ce, kowa ya ji!"

"Ni ban ji ba, kuma na rantse sai abin da na ji."

"Kai wane irin taurin kai ne da kai? Mutum ya ce shi ya yi kuskure, kana musu da shi a gidansa?"

Baba ya jawo shi gaban lasifika, ya ɗora masa tafin hannu a jikinta, ya ƙure ƙara har gilashin taga na rawa. Kawu ya tsaya ya nutsu, can ya ce, "Ganga nake ji a hannuna. Ita kuwa ba kuskure."

Baba ya shige ɗaki. Muka ji ana jan akwati daga ƙarƙashin gado, ana ture kaya, Mama tana cewa a yi hankali da kwanukanta. Ya fito da begila a hannu, ta yi baƙi-baƙi, rabonsa da ita tun ina firamare. Ya cire haƙoransa na roba ya miƙa mini don kada su yi tsalle. Ya kafa bakin begilar dab da kunnen Kawu na dama, ya ja numfashi, ya ɗauko hawan daga farko. Sauti uku na farko iska ce zalla. Na huɗu ya fito, na biyar ya fito yana rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, ya hau, ya kai wurin, sai ya matse leɓe da gangan.

A rayuwata ban taɓa jin abu mai muni irin wannan ba. Har karen maƙwabta sai da ya amsa.

Kawu Dogo ya zabura ya dafe kunne. "Ita ce! Wallahi ita ce, har ta ƙara ƙiba!" Ya kama dariya har ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, Baba na tsaye a kansa yana haki, baki ba haƙori.

"In ka je can ka gaya musu," in ji Baba da ƙarfi, yana nuna bakinsa. "Duk ka tara su. Ka ce leɓe ne, ka ce ni na ce ka faɗa."

Dariyar Kawu ta tsaya a hankali. Ya share ido, ya dubi Baba daga ƙasa.

"To in na faɗa a can, wa zai ce mini ƙarya nake?"

Ni ina tsaye da haƙoransa a tafin hannuna, hawaye na zuba ban damu in share ba. Sai Baba ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya goge begilar da gefen riga, ya sake kafa ta a kunnen.